Alhamis, jeudi, Thursday: asalin sunaye uku na rana guda

Ga masu fataucin dabbobi na Dungas da Magarya, Alhamis ranar Maigatari ce. A ranar ce wannan kasuwa ta jihar Jigawa, da ke tsallaken iyaka a Najeriya, take ci, kuma ta daɗe da yin suna wajen cinikin shanu, raƙuma, tumaki da awaki. Alhamis ce kuma babbar ranar kasuwa a birnin Damagaram. Mutumin da ya yi sammako domin cin kasuwa zai iya cin karo da sunan ranar har kala uku kafin azahar. Dillali zai ce masa Alhamis, takardar duwan za ta ce jeudi, wayar abokin cinikinsa na Najeriya kuma ta nuna Thursday.

Tun daga watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan waɗannan sunaye uku za su ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa a ofis, a lakwal da kasuwa. Yaran kwaleji suna haddace sunayen ranaku na Ingilishi, amma ba kasafai ake gaya musu ma'anarsu ba. Wasu iyaye kuma sun ji ana cewa sunayen gumaka ne, abin ya tsaya musu a rai. Tarihin sunayen yana amsa wannan tambaya, yana kuma taimakawa wajen kauce wa kurakuran da kan sa mutum ya saɓa alkawari ko kasuwa ta wuce shi.

Thursday, ranar tsawa

Kalmar Thursday gaɓa biyu ce. Ta ƙarshen tana nufin rana, ta farkon kuwa suna ne. A tsohon Ingilishi na sama da shekaru 1,000 da suka wuce, ana kiran ranar Thunresdaeg, wato ranar Thunor. Thunor ɗaya ne daga cikin abubuwan bautar ƙabilun Angil da Sakson, waɗanda suka tsallaka daga arewacin Jamus da Danmak na yau zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Sunansa shi ne kalmarsu ta tsawa, kuma daga ita ce kalmar tsawa ta Ingilishin yau ta fito.

Mutanen arewacin Turai, kakannin 'yan Danmak, Norwe da Suwidin, suna kiran wannan abin bauta Thor. Sun ɗauke shi a matsayin ƙaƙƙarfa mai riƙe da guduma, mai aiko da aradu da ruwan sama, mai kare manoma. Daga shekarar 793 mayaƙansu na ruwa, waɗanda ake kira Bikin, suka fara kai hari Ingila. A 866 suka ci birnin York, daga baya suka zauna a gabashi da arewacin ƙasar, suka yi auratayya da mutanen wurin. Zaman tare ya sa lafazinsu ya yi tasiri a kan na 'yan ƙasa, sunan ranar ya gajarce har ya zama yadda ake rubuta shi yau. Matasan da suka kalli fim ɗin Amurka mai suna Thor, wanda ya fito a 2011, sun ga wannan mai guduma ne aka mayar da shi jarumin fim.

Dangin Ingilishi ma haka suke. A Jamusanci ana ce wa ranar Donnerstag, ma'ana ranar tsawa. A harsunan Suwidin, Norwe da Danmak kuwa torsdag ce, ranar Thor. Girmama tsawa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarihin ƙasar Hausa, domin har yau akan ji mutum ya rantse da aradu ko kwarankwatsa, abin da ya samo asali tun kafin Musulunci ya kafu.

Jeudi da lissafin Romawa

Ƙabilun arewacin Turai ba su ne suka ƙirƙiro mako mai kwana bakwai ba. Aro suka yi daga Romawa, suka fassara sunayen. A harshen Latin ana kiran ranar dies Iovis, wato ranar Jupita, shugaban abubuwan bautar Roma, wanda shi ma makaminsa aradu ne. Da suka nemi wanda ya yi kama da shi a cikin nasu, sai suka ɗauko mai tsawa. Faransanci kuwa, da yake ɗan Latin ne, bai fassara komai ba. Baki ne kawai ya tauna kalmar tsawon ƙarnoni har ta koma jeudi. Gaɓar di da ke ƙarshen lundi, mardi da jeudi ragowar kalmar dies ce, wato rana.

Su kansu Romawa da farko makonsu na kasuwa ne mai kwana takwas. Manomi ya yi kwana bakwai a gona, a na takwas ya shigo gari ya sayar da amfani, ya ji labarin duniya. Mako mai kwana bakwai ya shigo musu ta hanyoyi biyu: ta Yahudawa, masu hutun Asabar, da ta masana taurari na Masar a zamanin da Girkawa suka yi mulkinta. A birnin Pompeyi na Italiya, wanda aman dutse ya binne a shekara ta 79, an tarar da rubutu a bango mai jera ranakun da sunayen alloli. A shekara ta 321 sarki Kustantin ya kafa dokar hutu a ranar Rana, wato Lahadi, abin da ya ƙara kafa sabon makon a daular.

Masana taurarin wancan zamani sun san abubuwa bakwai masu tafiya a sararin sama, suka jera su daga mai jinkirin tafiya zuwa mai sauri. Da sunayen da malaman hisabi na ƙasar Hausa suka sani, jerin shi ne Zuhal, Mushtari, Mirrihu, Rana, Zara, Uɗaridu da Wata. Suka ba kowace sa'a tauraro guda bi da bi, kuma tauraron da ya samu sa'ar farko shi ke da ranar. Tunda yini da dare sa'a 24 ne, jerin yakan zagaya sau uku, wato 21, saura uku. Saboda haka kowace sabuwar rana sai a matsa gaba da taki uku. Daga Zuhal a faɗa kan Rana, daga Rana kan Wata, sai Mirrihu, sai Uɗaridu, sai Mushtari, sai Zara. Wannan shi ne jerin Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis da Juma'a. Marubucin tarihin Roma Kasiyus Diyo ya bayyana wannan lissafi a farkon ƙarni na 3. Mushtari shi ne tauraron da Turawa ke kira Jupita, mafi girma a cikin duniyoyin da ke kewaya rana.

Faransanci ya riƙe biyar daga cikin sunayen taurarin, daga lundi zuwa vendredi. Coci ta sauya biyu: dimanche na nufin ranar Ubangiji, samedi kuma ranar Sabat, tushe ɗaya da Asabar ta Hausa. Ingilishi ya musanya huɗu da nasa allolin. Tuesday ta Tiw ce, Wednesday ta Woden, Thursday ta Thunor, Friday kuma ta Frig. Sunday da Monday fassarar ranar Rana da ranar Wata ne. Saturday kaɗai aka bar wa sunanta na Roma, Satun, wato Zuhal.

Alhamis, rana ta biyar

Sunan Hausa bai ratsa ta taurari ko alloli ba. Ƙidaya ce zalla. Alhamis daga Larabci take, yaumul khamis, rana ta biyar. Bahaushe ya san wannan tushe ko bai yi karatun Larabci ba, domin shi ne a cikin hamsin, da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, da sunan Hamisu, wanda akan sa wa ɗa na biyar bayan Sani, Salisu da Rabi'u. Haka Lahadi take ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku kamar talatin, Laraba ta huɗu kamar arba'in. Biyu ne kawai suka fita daga ƙidaya. Juma'a ranar taruwa ce, tushenta ɗaya da jama'a da jam'i, Asabar kuma ranar hutu ce a tsohuwar al'adar Bani Isra'ila.

Harshen Hausa ya gyara kalmomin yadda za su zauna a bakinsa. Harafin Larabci mai fita daga maƙogwaro ya koma h, kamar yadda alkhairi ya zama alheri. Gaɓar al da Larabawa ke sa wa a gaban suna ta manne da kalmar. A Alhamis ta zauna cikakkiya, a Lahadi, Litinin da Laraba l kaɗai ya rage, a Talata kuwa ta ɓace baki ɗaya.

Su ma Larabawa ba da waɗannan sunaye suka fara ba. Littattafan lugga sun adana tsofaffin sunayen zamanin jahiliyya, inda ake kiran Alhamis Mu'nis, Juma'a kuma Aruba. Sunayen ƙidaya ne suka yaɗu tare da Musulunci. Tarihin Kano ya ambaci zuwan malaman Wangarawa daga Mali a zamanin sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Yankin Damagaram da tsofaffin garuruwan Sosebaki irin su Dungas, Wacha da Mirya kuma sun daɗe suna hulɗa da Barno, inda Musulunci ya kafu tun kafin nan. Duk inda aka tsayar da sallar Juma'a dole a riƙa ƙidayar kwana bakwai, kuma kasuwanni suka bi wannan zagaye. Shi ya sa Zabarmanci, Barbarci, Fulatanci da Tamajak duk suke da irin wannan suna na Alhamis, kowa da lafazinsa. Yarbawa ma suna cewa Alamisi, masu Swahili a gabashin Afirka kuma Alhamisi.

Jeudi da Thursday baƙi ne na baya-bayan nan a wannan yanki. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma yarjejeniyoyin da suka ƙulla da Ingilishi a 1898, 1904 da 1906 ne suka shata iyakar da ta bar Magarya da Dungas a hannun Faransa, Daura, Baɓura da Gumel a hannun Ingila. Dangi ɗaya suka wayi gari da kalandar gwamnati iri biyu, amma a gida da kasuwa kowa ya ci gaba da cewa Alhamis.

Yadda Bahaushe ya mayar da baƙo ɗan gida

Kalmar aro ta zama ta gida ne a ranar da aka fara kiran 'ya'ya da ita. Yarinyar da aka haifa ran Alhamis ita ce Lami ko Laminde, namiji kuma Ɗanlami. Ta Juma'a Jummai ce, namijin Ɗanjuma. Akwai Asabe da Ɗan'asabe, Ladi da Ɗanladi, Altine ko Tani da Ɗantani, Talatu da Ɗantala, Larai ko Balaraba da Balarabe. Waɗannan laƙubba sun yi amfani ƙwarai a gidajen da ake alkunya, inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ko inda aka sa wa yaro sunan kaka ko suruki. A ƙauyukan da ba a rubuta haihuwa, sunan rana ya zama wata 'yar shaida. Tsohuwa na iya manta shekarar da aka haife ta, amma in sunanta Lami, an san ranar.

Garuruwa ma sun ci sunan ranar kasuwarsu. Talatar Mafara a jihar Zamfara sananniya ce. A kudancin Saudiyya akwai birnin Khamis Mushait, wanda ya samo sunansa daga kasuwar Alhamis, haka ma Khemis Miliana a Aljeriya. Dushanbe, babban birnin Tajikistan, ma'anar sunansa Litinin, saboda kasuwar da ke ci a wurin a wannan rana.

A addini, Alhamis na da matsayinta. Musulmi da yawa na yin azumin nafila ran Litinin da Alhamis, bisa hadisin da ya nuna a waɗannan ranaku ake bijiro da ayyukan bayi. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya ran Alhamis. A makarantun allo ita ce ranar hutun almajirai, ranar wanki da neman itace. Abin sha'awa, yaran lakwal a Faransa ma ran jeudi suke hutu tun bayan dokar ilimi ta 1882, wadda ta ware rana guda domin iyaye su koya wa 'ya'yansu addini. Sai a 1972 aka mayar da hutun ranar Laraba.

Waɗanda sunayen suka dama

Damuwar da wasu iyaye ke nunawa kan sunayen alloli tsohuwa ce, kuma Kiristocin Turai ma sun yi irinta. A ƙarni na 6, wani bishop mai suna Martin na birnin Braga, a ƙasar Fotugal ta yau, ya yi wa'azi cewa bai dace mai imani ya kira ranakun Allah da sunayen abubuwan bautar arna ba. Kiransa ya karɓu a can. Har yau a harshen Fotugal, wanda ake yi a Brazil, Angola da Gine Bisau, ana kiran Alhamis quinta-feira, wato ta biyar, daidai da ƙidayar Larabci. Girkawa ma ta biyar suke ce mata. A Ingila ta ƙarni na 17, wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kwekas ta ƙi furta Thursday, mabiyanta suka riƙa cewa rana ta biyar. Masu juyin juya halin Faransa sun wuce nan, domin a 1793 sun soke mako ɗungurungum, suka kawo zagaye mai kwana goma. Talakawa ba su karɓa ba, kuma Napoleyon ya dawo da tsohuwar kalanda daga ranar 1 ga Janairun 1806.

A sauran wurare sunayen sun zauna, ma'anar ce ta bushe. Bautar Thor ta gushe a arewacin Turai kusan shekaru 1,000 da suka wuce, kuma Baturen da ke cewa Thursday a yau ba tsawa ke ransa ba, kwanan aiki yake lissafawa. Hausa ma tana da irin wannan misali a bakin kowa. Kalmar sati, da ake faɗa a madadin mako, daga Saturday aka aro ta a zamanin mulkin Ingilishi a Najeriya, ta kuma tsallako iyaka ta bi kasuwanni har ta zama ruwan dare a Nijar. Mai adashin da ta ce za ta kwashe sati mai zuwa tana ambaton ragowar sunan Satun na Romawa, alhali ba ta san da shi ba, ba ta kuma nufinsa.

Inda ake yin kuskure

Akwai wurare uku da bambancin harsunan kan jawo asara. Na farko shi ne mafarin mako. A ƙidayar Larabci da Hausa, Lahadi ce ta ɗaya, shi ya sa Alhamis ta zama ta biyar. Kalandar Faransanci kuwa, da ƙa'idar ƙasa da ƙasa da kamfanonin jiragen sama ke bi, daga Litinin suke farawa, saboda haka jeudi ta huɗu ce. A Rashanci ma sunan ranar na nufin ta huɗu. Wanda ya ga jadawalin da aka rubuta ranaku da lambobi, ya kamata ya tambaya daga ina aka fara ƙirga, domin lamba 5 a irin wannan takarda Juma'a ce.

Na biyu, wanda ya fi kowanne rikitarwa, shi ne dare. A lissafin Musulunci rana na farawa ne daga faɗuwar rana, dare ke gaba, yini na biye. Shi ya sa ake fara asham a daren da aka ga wata, kafin a kai azumin farko. Idan dattijo a Bande ko Dogo-Dogo ya ce daren Juma'a, yana nufin daren da ke biyo bayan magaribar Alhamis. A agogon Turawa kuwa kwanan wata na sauyawa ne da ƙarfe 12 na dare, don haka wannan dare a wurinsu na Alhamis ne. Dattijo da ɗan lakwal za su iya yin alkawarin ɗaukar kaya a daren Alhamis, ɗaya ya zo Laraba bayan isha'i, ɗaya ya zo washegari, kowa kuma yana da gaskiyarsa. Ga mai son isa Maigatari da sassafe, wannan saɓani na kwana ɗaya na nufin jiran mako guda da ciyar da dabbobi a banza. Maganin abin shi ne a ambaci ranakun biyu, kamar yadda masu labarai a rediyo suke yi, a ce Laraba da dare wayewar Alhamis.

Na uku shi ne kamannin Tuesday da Thursday. A waya da takardun asibiti na Najeriya akan gajarta su zuwa haruffa uku na farko, kuma sautin farko na Thursday babu shi a Hausa, babu shi a Faransanci, don haka a baki ma sukan yi kama. Dabara mai sauƙi ita ce a duba harafin h. Akwai shi a Thursday, akwai shi a Alhamis. Babu shi a Tuesday, babu shi a Talata. Mara lafiyar da aka ba ranar komawa ganin likita a Kano ko Daura, wannan harafi guda na iya hana shi yin tafiyar banza.

Akwai kuma ƙaramin tarko a Faransanci, inda ake kiran mako guda kwana takwas, mako biyu kuma kwana goma sha biyar, saboda ana haɗawa da ranar da aka fara ƙirga. Hausa na da mafita a nan, domin in aka ce rana ita yau, ko Alhamis ta sama, ba a bar wurin gardama ba.

Ɗan kwalejin da aka tambaya ma'anar Thursday zai iya amsawa cewa ranar mai tsawa ce ta mutanen arewacin Turai, wadda aka fassaro daga ranar Jupita ta Romawa, ita ce kuma ta zama jeudi a bakin Faransawa. In aka tambaye shi ma'anar Alhamis, amsar tana cikin gidansu, a sunan baffansa Hamisu da gwaggonsa Lami.